Zanen da Na Raina a Gaban Kwamiti

Kontagora, ranar Lahadi bayan la'asar.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki zuciyarki ta ɗan yi sanyi. Allah ya tsare hanyarki gobe tun daga tashar garin nan har Abuja, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa aikin da za ki fara a ofishin masu zanen gine-gine ya zame miki alheri.

Kada ki yi mini dariya don katanga ɗaya ce tsakanina da ke amma ina rubuto miki wasiƙa kamar kina ƙasar waje. Yau kwana tara ke nan kina durƙusawa ki gaishe ni, in amsa, ki tashi, babu ƙari. Gobe kuma za ki tafi. Na gwada kiran ki sau uku, duk sai in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Bakina bai iya ban haƙuri ba, Ummi. Shi ya sa na ɗauki biro, na ce mahaifiyarki ta miƙa miki.

Kin san abin da ya faru, amma bari in faɗe shi da kaina, don kada in rage wa kaina laifi. Kwamitin Islamiyyar unguwarmu ya nemi in ƙara musu azuzuwa uku. Kika zauna mako biyu kina zane, ba wanda ya sa ki. Kika kawo gini na tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, kwanonsa a ɗage sama bisa ƙarafa don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, tagoginsa na kallon kudu da arewa. Kina cikin bayani a gaban dattawa na katse ki. Na ce, "Ku yi haƙuri da ita, yarinya ce, boko ya yi mata yawa. Mu mun baro laka tun tuni, ita kuma mun kai ta jami'a ta dawo mana da laka." Aka kwashe da dariya. Kika naɗe takardarki a hankali, kika ce, "Allah ya huci zuciyar Baba," kika fita. Wallahi da kin ɗaga mini murya da ya fi mini sauƙi.

Shekara talatin da wani abu ina riƙe da cokalin gini. Ba ni da gona mai yawa da zan bar miki, amma kurakurai kam Allah ya hore mini, kuma gara ki tafi da su a rubuce da ki je ki sake yin su da hannunki.

Na farko na yi shi ne ban daɗe da barin hannun maigidana Malam Ɗanjuma ba, wanda ya koya mini sana'a, Allah ya ji ƙansa. A shagon wani tela na ga kalanda mai hoton wani farin gida na Turawa. Gidan na tsaye kan siraran ginshiƙai kamar zalɓe, samansa a shafe kamar faranti, tagarsa ɗaya doguwa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na roƙi telan ya yage mini shafin. Da wani tsohon malamin makaranta ya ba ni aikin gidansa a kan hanyar Bangi, sai na zaro hoton, na yi ta zuba masa daɗin baki har ya yarda. Na zuba masa dekin na kankare a shafe, ban karkata shi ko kaɗan ba. Indararo ma na ƙi sawa, wai zai ɓata kyan ginin. Mutane suka riƙa tsayawa da kekunansu suna kallo, ni kuwa kai ya kumbura, gaisuwa ma sai na ga dama.

Sai damina ta sauka. Kin dai san ruwan Agustan garin nan, ba irin na Katsina ba ne da zai zuba ya wuce. Ruwa ya kwanta a saman gidan ya rasa hanya, sai ya nema wa kansa. Malamin ya aiko a kira ni. Na tarar da matarsa ta jera bokitai da kwanoni har da tukunyar miya a tsakar falo, ko'ina ɗis, ɗis, ɗis. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Garba, gida na ce ka gina mini, ko rijiya na ce ka ɗora mini a ka?" Na rasa inda zan sa fuskata. Malam Ɗanjuma ne ya zo da sandarsa, ya hau tsani da tsufansa, ya nuna mini inda zan fasa da inda zan ƙara tudu. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ka tambayi mai gida abin da yake so, amma ba ka tambayi ruwa inda zai bi ba."

Shekaru da yawa bayan haka, kina aji biyu a jami'a, kika nuna mini irin gidan nan a wayarki. Kika ce yana kusa da Paris, kuma duk mai karatun zanen gini a duniya sai ya karanta shi. Kika bayyana mini cewa hikimarsa ita ce ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyi, don haka bango ya huta, kana iya sa shi inda ka so, ka buɗe taga iya tsawon da ka so. Sannan kika ƙara da cewa shi ma na ainihin yoyo ya yi ta yi, har matar gidan ta gaji da rubuta wa mai zanen takardun ƙorafi. Kai! Ranar na yi dariya har da hawaye. Ashe ni da babban Bature cuta ɗaya ta kama mu. Na gode miki da wannan labari, ya cire mini wata ƙaya da ta daɗe. To ki riƙe wannan: in kin ga gini ya burge ki, ki nemi dalilin da ya sa aka yi shi haka, ki ɗauko dalilin. Hoton kuwa ki bar musu abinsu.

Na biyu gilashi ne. Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda ya je Dubai sarin kaya, ya dawo idonsa ya cika da dogayen benayen can masu ƙyalli. Ya ce shagonsa na bakin titi yake so a mayar haka, gaba ɗaya gilashi daga ƙasa har sama. Shagon kuwa yamma yake kallo. Baba Bitrus kafinta, abokin aikina da kika sani tun kina rarrafe, ya ja ni gefe ya ce da irin Hausarsa, "Garba, wannan rana na yamma zai dafa mutum a ciki fa. Ka bari in yi masa rumfa a gaba." Na ce masa, "Kai dai tsaya ga katakonka, me kafinta ya sani a harkar zamani?" Sai ya ɗauki zartonsa ya koma kan aikinsa.

Kafin bazara ta ƙare duk atamfar da ke gaba ta koɗe, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koma fari-fari. Daga azahar ba mai iya zama a ciki. In an kunna na'urar sanyi sai wuta ta ɗauke. Ƙarshenta Alhaji ya sa aka rufe gilashin nan mai tsada da tamfol, sannan aka kira Bitrus ya yi rumfar da ya faɗa tun farko. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba, kuma har gobe ina gode masa a kan haka.

Ke ce kika fahimtar da ni daga baya cewa benayen nan na Dubai da na Amurka ƙashinsu na ƙarfe ne da kankare, gilashin labule ne kawai aka rataya musu, kuma injuna ke sanyaya su ba dare ba rana. Kika kuma nuna mini tsofaffin gine-ginen gwamnati da na makarantu a Kaduna da Ibadan, na wajen lokacin samun 'yancin kai, masu fikafikan kankare a gefen tagogi da bango mai huji-huji. Na yi aiki a Kaduna ina saurayi, na wuce irinsu ba adadi, ni duk a zatona ado ne. Ashe inuwa suke yi wa taga, iska kuma ta wuce. Turawan da suka zana su sun zo ƙasarmu sun tsaya sun kalli ranarmu, ni da aka haifa a ƙarƙashinta ban kalle ta ba. Don haka in kin je wurin aiki, kada ki tsaya a ofis. Ki je filin da safe, ki koma da la'asar, ki ga inda rana take dukansa. In kafinta ko lebura ya ja ki gefe ya ce "Hajiya, wani abu," ki tsaya ki ji, ko da Hausarsa ba ta miƙe ba.

Amma kada ki ɗauka ina cewa mu masu aikin hannu kullum mu ke da gaskiya. Akwai wani bene da muka yi a bayan kasuwa, injiniya ya rubuta yawan rodin da za a sa a barandar sama, wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Na duba na ce wannan ɓarna ce, idona ya fi takardarsa, na rage. Watanni kaɗan tsaga ta fito a gindin barandar, bakinta ya sunkuya. A ƙarƙashinta mata ke zama suna sayar da gyaɗa da masara. Ranar da na gani, na kwashe su daga wurin da kaina, muka tokare ta, muka fasa muka sake. Allah ne kawai ya rufa mini asiri. Kin taɓa ba ni labarin gidan nan na Amurka da aka gina a kan ruwa mai gangarowa daga dutse, barandunsa a miƙe cikin iska, kika ce shi ma da shekaru suka ja sai da aka koma aka ƙarfafa su. To in nasu ya sunkuya, wane ne Garba? Lissafin da aka koya miki amana ce. Duk wanda ya ce ki rage rodi ko ki sa hannu a kan abin da ba ki gani da idonki ba, ki ce a'a, ko da shi ke biyan ki albashi, ko da ya yi jika da ke.

Yanzu na zo kan wanda ya fi mini nauyi, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarki.

Ba ki san Inna ba, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Tana da ɗakinta na ƙasa a inda ɗakin ajiyarmu yake yanzu. Kaurin bangonsa ya kai kamu ɗaya, rufin jinka ne, daɓen ƙasa sumul, randarta a kusurwa. Ko a tsakiyar watan azumi na bazara, in ka shiga sai ka ji kamar an shafa maka ruwa a wuya. Ni kuwa a lokacin sunana ya fara fita, ana cewa Garba mai ginin zamani. Sai na ji kunya a ce uwar Garba tana kwana a ɗakin laka. Da ta tafi Kumbashi wajen ƙanwarta ta yi wata guda, na tara ma'aikatana muka rushe shi a yini ɗaya. Na gina mata na bulo, na yi filasta, na shafa fenti kore, na sa kwano sabo fil da taga mai gilashi. Don in gama kafin ta dawo, ban ɗaga ginin sosai ba, kwanon na nan dab da kai.

Ta dawo ta tsaya a tsakar gida da ƙullin kayanta a ka, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Garba." Na ji daɗi har raina, na ɗauka na biya ta wani abu.

Daga ranar, da hantsi ya yi sai ta ɗauki tabarmarta ta koma gindin mangwaro, ba ta komawa ciki sai rana ta yi sanyi. Na ɗauka son hira ne. Ruwan randarta ya daina sanyi, ta ce randar ce ta tsufa. Wata rana na dawo cin abincin rana, na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga, "Ɗaki kam ya yi kyau, ɗana ya iya aiki. Sai dai ba ya son mutum da rana." Ba ta san ina zaure ba. Na juya na fita, abincin da ban ci ba ke nan. Na ce zan gyara, zan ɗaga kwanon, zan sa silin, bari in gama wannan aiki, bari damina ta wuce. Shekara shida tana zaman gindin mangwaro. Ciwon ajalinta a bazara ya zo, kuma a ɗakin nan ta yi jinya, muna yi mata fifita da murfin kwano tana cewa mu bari kada hannunmu ya gaji.

To kin ji, Ummi. Ranar da kika shimfiɗa zanenki kika ce ƙasa ta fi bulo sanyi, kika ce kwano in ya matso kai azaba ne, ba ke nake jin haushi ba. In maganarki gaskiya ce, to na cuci uwata da hannuna, ina kuma jiran ta gode mini. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan a gaban mutane, sai na huce a kanki. Na watsa miki ƙasa a ido don in kare kaina. Ban kyauta ba, kuma ina neman ki yafe mini.

Bitrus ya zo washegari, ya same ni a wurin aiki. Mutumin da ya yi shiru a kan gilashi, wannan karon bai yi shiru ba, ya wanke ni tas. Ya ce, "Ni kana iya raina ni, mun saba. Amma yarinya ya yi karatu shekara nawa, ka kunyata shi a gaban tsofaffi? Kai ka taɓa zama cikin ajin nan da rana?" Ban taɓa ba. A ranar na je na zauna a can baya cikin tsohon ajin, wanda ni na gina shi, ƙarfe biyu na rana. Yara sittin ko fi, hijaban 'yan matan sun jiƙe sharkaf, malamin yana karatu yana goge wuya da hularsa. Ban kai rabin sa'a ba na fito jiri na ɗibata.

Daga nan na ɗauki ɗaya daga cikin tubalan gwajin da kika bari a bayan ɗaki, na jefa shi cikin bokitin ruwa, don ni magini ne, ban yarda da abin da ban gwada ba. Kwana uku yana ciki. Na ciro shi na ƙwanƙwasa da cokali, ya amsa mini garau. Na sa ƙaninki ya nemo mini hotunan da kika so nuna wa kwamiti ban bari ba. Na ga makarantar nan ta wani ƙauye a Burkina Faso, ta jar ƙasa irin tamu, kwanonta a ɗage kamar lema, wadda kika ce ɗan ƙauyen ne ya zana ta, mutanen garin suka gina da hannunsu, har duniya ta san da shi. Na ga babban ginin nan na Harare da aka kwaikwayi yadda iska ke zagayawa a cikin suri. Tabɗi! Suri fa, wanda muke fasawa mu zuba wa kaji gara. Na zauna ina kallo, ina tuna bangon Inna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tara kwamitin, su ɗin dai da suka yi dariya. Na ce, "Jama'a, rannan na yi magana a gabanku, kuma ƙarya na yi. Zanen yarinyar nan ya fi duk abin da na taɓa gina muku. In kun yarda da ni, shi za a yi. In ba ku yarda ba, ku nemi wani magini." Shugaban kwamitin ya ce, "Malam Garba, ba kai ka ce laka ta wuce yayi ba?" Na ce, "Ni na faɗa, kuma ni nake janyewa." Aka ɗan yi gardama, wani ya ce iyaye za su ce an mayar da 'ya'yansu ƙauye. Na ajiye musu tubalin nan a gabansu na ce wanda ya iya ya fasa shi da hannu. Sun amince.

Abu biyu kawai nake so in roƙa a zanen, kuma roƙo ne, ke ce mai shi. Hadarin garin nan daga gabas yake tasowa da iska, don haka ina ganin a ƙara tsawon bakin kwanon ta wannan gefe. Sannan a ɗaga tushen da dutse har gwiwa kafin a fara jera tubali, saboda ruwan da ke kwantawa a filin. In kin ga ba daidai ba ne, ki gaya mini dalili, zan ji.

Sauran nasiha kin san ta, mahaifiyarki ta fi ni iya ta. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki sa hular kwano in kin shiga wurin gini ko da za ta ɓata miki ɗaurin ɗankwali, ki riƙa kiran mahaifiyarki don ba za ta ce tana kewarki ba sai dai ta ƙona miya. Za ki haɗu da tsofaffin magina masu taurin kai irina, da za su ga mace ce kuma yarinya. Ki gaishe su da ladabi, amma kada ki naɗe takardarki ki fita kamar yadda kika yi mini. Ki tsaya ki gama bayaninki.

Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Na gode wa mahaifiyarki da ta tsaya kai da fata sai kin yi wannan karatu, lokacin da ni nake cewa gini ba aikin mata ba ne. Na gode miki da duk hutun da kika zo kika zauna kusa da ni a zaure kina nuna mini gine-ginen duniya, kina haƙuri da tambayoyina.

Motarku sai ƙarfe takwas za ta tashi. Gobe da an idar da sallar asuba zan kasance a filin Islamiyya da igiya da turaku da guduma, ni da Bitrus da dattawan kwamiti. Na gaya musu ba zan ja igiya ba sai mai zane ta zo ta nuna inda za a kafa turken farko, kuma a gabansu zan tambaye ki, kamar yadda magini ke tambayar mai zane. In zuciyarki ba ta sauko ba tukuna, ba komai, ki wuce tasha abinki, ba zan riƙe ki da shi ba. Filin zai jira har ranar da kika zo hutu, yaran kuma su ƙara haƙuri da zafi, laifin yana wuyana.

Ko kin biyo ko ba ki biyo ba, albarkata na tare da ke. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya sa duk wanda ya shiga ɗakin da kika zana ya samu inuwa da iska, ya yi miki addu'a ko bai san sunanki ba. Allah ya ji ƙan Inna, ya sanyaya makwancinta. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Garba magini.